Malam Edita, a duba mana yadda ake fassara kalmar cathedral

Malam Edita, ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina karanta jaridar nan kuma ban taɓa rubuto muku komai ba, to amma yau dai na kasa haƙuri, kuma ai an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka a yi mini afuwa in na tsawaita.

Maganata a kan kalma ɗaya ce tak, wato cathedral. Duk sanda wani labari ya taso daga ƙasashen waje wanda ya shafi coci, kamar gobarar Notre-Dame ta Faris a 2019, ko jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022, ko rasuwar Fafaroma Francis a 2025, sai in ga masu fassara kowa ya kama gabansa, wannan ya ce katafaren coci, wancan ya ce tsohon coci mai tarihi, wani ya ce babbar majami'a, wani kuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya bar ta yadda ya same ta ya wuce. Wannan ma duk da sauƙi. Abin da yafi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar kalmar a liƙa wa duk ginin da aka ga ya yi tsawo ya yi kyau a hoto, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka fi shahara a duniya sam ba su cancanci sunan ba, kuma masu su ma ba sa kiransu haka.

Asalin kalmar kujera ce. Eh, kujera dai wadda ake zama a kai. Da Girkanci ana cewa kathedra, an haɗa kata mai nufin ƙasa da hedra mai nufin mazauni, kaga kenan abin da mutum ke zaunawa a kai. Daga nan Latin ya ara ya ce cathedra, sai Kiristocin farko suka riƙa kiran kujerar da bishop ke zama a kanta cikin coci da wannan suna, cocin da aka ajiye kujerar a ciki kuma ana ce masa ecclesia cathedralis, wato cocin kujera. Da tafiya ta yi nisa sai baki ya gaji da faɗin kalma biyu, aka yar da cocin aka riƙe sifar ita kaɗai, kamar dai yadda muke cewa yaro yana firamare ko ya shiga sakandare ba tare da mun ce makaranta ba kuma kowa ya gane. To shikenan fa ma'anar. Cocin da kujerar bishop take ciki, wanda daga nan yake jagorantar sauran coci-cocin da ke yankinsa, yankin da suke kira dayosis. In akwai kujerar to sunan ya tabbata ko da ginin laka ne, in babu ita kuwa ko ginin ya taɓo gajimare coci ne kawai.

Wani zai ce to me ya kawo kujera cikin sha'anin ibada? A zamanin da, malami a zaune yake koyarwa, alƙali a zaune yake yanke hukunci, sarki a zaune yake sauraron jama'a, saboda haka zama a kan kujera alama ce ta cewa kai ke da ikon magana a wurin. A cikin Linjila ma, a littafin Matiyu sura ta 23, inda aka ce malaman Attaura suna zaune a kan kujerar Musa, kalmar da ke cikin nassin Girkancin ita ce wannan kathedra ɗin. Kuma ni abin da ke ban mamaki shi ne mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wahala ba ko kaɗan, don harshenmu cike yake da irin wannan magana. Muna cewa wane ya hau kujera, wane ya rasa kujerarsa, ana rikici a kan kujerar shugabanci, an ɗare karagar mulki, an gaji gadon sarauta, kuma babu mai hankalin da zai ɗauka katako da ƙusa ake wa faɗa. Larabawa ma haka suke yi da kursi, har fadar Fafaroma suna ce mata al-kursi ar-rasuli. Turawan Ingila kuwa kalmarsu ta kujerar zaman gida, wato chair, ita kanta jikar cathedra ce, ta biyo ta tsohon Faransanci ta goge a hanya har ta koma haka. A Sifaniya kujerar farfesa a jami'a cátedra suke ce mata, shi farfesan kuma catedrático. A Fotugal kujerar da za a miƙa wa baƙo ya zauna cadeira ce. Duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Bari in fara da wanda aka fi yin kuskure a kansa, cocin Waliyyi Bitrus da ke Batikan, wanda ake nuno mana a talabijin duk sanda Fafaroma zai leƙo ta baranda. Wallahi in ka tara mutum goma ka tambaye su tara za su rantse cathedral ne, har ma su ce shi ne uban duka. To ba shi ba ne. Fafaroma kafin komai bishop ne na birnin Roma, kuma kujerarsa ta bishop ɗin Roma tana wani coci daban da ake kira Yohanna na Lateran, can wani gefen gari, tafiyar kusan kilomita 4 daga Batikan, ba ya ma cikin ganuwar Batikan ɗin kwata-kwata duk da cewa yarjejeniyar 1929 tsakanin Italiya da fadar Fafaroma ta bar shi a hannunsu. An keɓe shi tun shekarar 324 zamanin Sarki Kustantin, kuma a gabansa an rubuta da Latin cewa shi ne uwa kuma shugaban dukkan coci-cocin birnin da na duniya. Shi yasa duk sabon Fafaroma bayan an zaɓe shi an gama bukukuwa a dandalin Bitrus sai ya tsallaka gari takanas ya je ya zauna a kan waccan kujera, Francis ya yi haka a watan Afrilun 2013, Leo na 14 ma ya yi a watan Mayun 2025. Na san wani mai bin diddigi zai ce ai akwai wata kujera a cocin Bitrus ɗin da ake kira kujerar Bitrus, gaskiya ne akwai, tsohuwar kujerar katako ce da aka rufe cikin ƙaton adon tagulla wanda wani mai sassaƙa ɗan Italiya, Bernini, ya ƙera, amma ta tarihi ce da girmamawa, babu mai hawa kanta ya yi mulkin dayosis.

Shi cocin Bitrus sunansa basilika. Wannan kuma laƙabin girmamawa ne da Fafaroma ke bai wa coci saboda tarihinsa ko yawan masu ziyararsa, asalin kalmar daga basileus ne, sarki da Girkanci. Manyansu huɗu ne kuma duk a Roma suke, ciki har da Santa Maria Maggiore inda aka binne Francis, ƙananan kuwa sun haura dubu a faɗin duniya. Coci zai iya haɗa duka biyun, ya zama basilika kuma ya zama mai kujerar bishop, kamar yadda mutum zai iya zama alhaji kuma hakimi, amma dai aikin hajji ba ya naɗa wa kowa rawani.

Landan kuma nan ne masu fassara ke faɗawa rami biyu a lokaci guda, kuma gaskiya ban cika ganin laifinsu ba don Turawan ne suka rikita abin da kansu. Akwai Westminster Abbey, inda aka yi wa Sarauniya Elizabeth addu'ar jana'iza ranar 19 ga Satumban 2022 kuma aka naɗa Sarki Charles ranar 6 ga Mayun 2023, nan ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066, amma babu kujerar bishop a ciki, kai tsaye ƙarƙashin gidan sarauta yake. Ya taɓa ɗanɗana matsayin na ɗan lokaci daga 1540 zamanin Sarki Henry na 8, bai daɗe ba aka janye. Sannan tafiyar 'yan mintuna kaɗan a ƙafa akwai Westminster Cathedral, wani gini daban na jan bulo, na 'yan Katolika, an gama shi a 1903, shi ne mazaunin babban bishop ɗinsu na can. Shi kuwa bishop ɗin Landan na Angilikan kujerarsa tana St Paul's, mai ƙatuwar ƙubbar nan da Christopher Wren ya gina bayan gobarar da ta cinye birnin a 1666. To kaga in ɗan jarida ya rubuta wai an naɗa sarki a cathedral ɗin Westminster, ya kwashe sarkin Ingila, wanda shi ne shugaban cocin Angilikan na ƙasar, ya kai shi cocin Katolika ya naɗa, kuma duk wanda ya san tarihin rigimar da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu tun ƙarni na 16 ya san wannan ba ƙaramar katoɓara ba ce. Af, ita kalmar abbey ma tana da daɗin bibiya, gidan sufaye ne masu zaman kaɗaici ƙarƙashin shugabansu abbot, shi kuma daga abba ya fito, wato uba da harshen Aramiya, kunnen Bahaushe dai ba baƙonsa ba ne.

Maganar girman gini kuwa misalai sun yi yawa har sai mutum ya zaɓa. A garin Ulm na Jamus akwai coci mai hasumiyar da ta kai mita 161 da ɗoriya, an fara shi a 1377 ba a gama ba sai 1890, ya shafe sama da shekara ɗari yana riƙe da kambun coci mafi tsawo a duniya, amma ko rana ɗaya bishop bai taɓa kafa kujera a ciki ba, mutanen gari ne suka tara kuɗinsu suka gina abinsu. Na Kolon da ke ƙasar dai, wanda bai kai shi tsawo ba da 'yan mitoci, shi ne mai kujera. Sagrada Familia ta Barselona da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa a kai, wadda aka fara tun 1882, basilika ce, Fafaroma Benedict ya keɓe ta a 2010, kujerar babban bishop ɗin Barselona tana wani tsohon coci a tsakiyar tsohon gari. Haka ƙaton ginin nan na Yamusukuro a Kwaddibuwa wanda shugaban ƙasar na farko Houphouët-Boigny ya gina, Fafaroma John Paul na 2 ya keɓe a 1990, wanda ake lissafawa cikin mafiya girma a duniya baki ɗaya, shi ma basilika ne, bishop ɗin garin yana can wani coci mai matsakaicin girma da kujerarsa.

Sai kuma a juya abin ta ɗaya gefen. Da girgizar ƙasa ta rusa cocin kujerar birnin Christchurch a Niyuzilan a watan Fabrairun 2011, sai aka gina musu na wucin gadi da manya-manyan bututun kwali, eh kwali, wani maginin Japan Shigeru Ban ya tsara shi, aka buɗe a 2013, yana ɗaukar mutum wajen 700, kuma tunda aka kai kujerar bishop can sunan ya bi ta. Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne na Istanbul. Hagia Sophia da Sarki Justiniyan ya gama a 537 ita ce mazaunin shugaban cocin Kustantiniya na kusan shekara 900, har Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin a 1453 ta koma masallaci, daga baya zamanin Ataturk ta zama gidan tarihi, a 2020 ta sake komawa masallaci. Ginin yana nan daram inda yake, amma kujerar ta tashi tuni, ta yi 'yan yawace-yawacenta cikin gari sannan wajen shekarar 1600 ta sauka a wani ɗan madaidaicin coci na Waliyyi George a unguwar Fener, wanda in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi, kuma har gobe nan ne mazaunin shugaban da Kiristocin Otodoks ke ɗauka na farko a daraja cikin shugabanninsu. A Kurɗuba ta Andalus kuma akasin haka ne ya faru, masallacin da Abdurrahman na 1 ya fara a 785 aka shigar wa kujerar bishop bayan an ci garin a 1236, shi ya sa yau zaka ji ana haɗa masa suna biyu.

Labarin da ya fi ban dariya a Amurka ya faru. Wani mai wa'azin talabijin Robert Schuller ya gina wani coci na gilashi zalla a Kalifoniya a 1980 ya raɗa masa Crystal Cathedral, alhali ɗarikarsa ba ta da bishop ko ɗaya balle kujerarsa, sunan dai ya yi masa daɗi a baki kuma yana jawo jama'a. Shekara talatin bayan nan bashi ya yi musu katutu suka durƙushe a 2010, sai 'yan Katolika na dayosis ɗin Orange suka saye ginin a kan dala miliyan 57 da rabi, suka gyara, suka shigo da kujerar bishop ɗinsu, aka keɓe shi a 2019 da sunan Christ Cathedral. Wato ginin ya yi kusan shekara arba'in yana amsa sunan da ba nasa ba kafin abin ya zo ya same shi har gida.

Yanzu kar in cika baki, dole in faɗi inda maganar take da rassa, don in ban faɗa ba wani zai rubuto ya faɗa. Akwai gine-ginen da kujera ta bar su amma sunan ya maƙale. A Sikotilan cocin ƙasar na Firesbiteriyan ne, ba su da bishop tun ƙarshen ƙarni na 17, amma St Giles na Edinbara, inda aka fara ajiye gawar Sarauniya jama'a suka yi mata bankwana, har yau ana ce masa cathedral, haka na Gilasgo, kamar dai yadda ake ci gaba da ce wa mutum ciyaman shekara ashirin bayan ya sauka. Akwai kuma na riƙon ƙwarya da suke sa wa kalmar pro a gaba su ce pro-cathedral, kamar St Mary's na Dublin da aka buɗe a 1825 ya yi wajen shekara 200 yana amsa sunan na wucin gadi, tab, wannan riƙon ƙwarya ya yi riƙo. Akwai inda dayosis ɗaya ke da biyu suna raba matsayin, kamar a tsibirin Malta, ɗaya a Mdina ɗaya a Valletta. Duk wannan bai rushe ƙa'idar ba, don ko a nan ɗin ma in ka tono za ka tarar tarihin kujera ne a ƙasa.

Sai matsalar fassara daga wasu harsuna, wadda ita ce ta fi shafarku 'yan jarida don mafi yawan labaran waje ta Turanci suke iso muku, an riga an murɗe su sau ɗaya kafin ku murɗe na biyu. Italiyawa suna cewa duomo, Jamusawa suna cewa Dom, duka daga domus na Latin mai nufin gida, kuma ba kowane duomo ne ke da bishop ba. Rashawa kuma suna da sobor, asalinta taro ko haɗuwa, suna kiran duk wani coci mai muhimmanci da ita, sai Bature ya zo ya fassara ta da cathedral ko da kujera ko babu. Ta haka ne cocin nan mai ƙubbobi kala-kala kamar albasa da ke Jan Dandali a Mosko, wanda Sarki Ivan na 4 ya gina tsakanin 1555 da 1561, ya samu sunan a Turance. Kuma ta wannan hanyar dai aka haifi abin da ya taɓa sa ni na tsaya na sake karantawa sau uku, wai Moscow Cathedral Mosque. Masallaci kuma cathedral? Na ce yau ga ikon Allah. Ashe masallacin Juma'a ake nufi, jami'i, Rashawa suka fassara jami'i da kalmarsu ta taro, Bature ya ɗauko ya maida ita cathedral. Masallaci ne tun 1904, aka rushe aka sake gina shi aka buɗe a Satumban 2015, Putin da Erdogan da Mahmud Abbas duk sun halarta. Ranar da wannan ya faɗo hannun mai fassarar da ya haddace cewa cathedral katafaren coci ne, sai mu wayi gari mu karanta katafaren cocin masallacin Mosko, Allah ya kiyaye. Abin sha'awa kuma ita majami'a tamu da jami'i da Juma'a da jami'a duk tushensu ɗaya a Larabci, taruwa, kenan majami'a ta fi kusa da sobor ɗin Rashawa nesa ba kusa ba a kan cathedral.

Akwai kuma amfani na kwalliyar magana wanda ba ruwansa da addini. Masu kallon ƙwallon Sifaniya sun san filin San Mamés na Athletic Bilbao ana ce masa La Catedral. Jami'ar Pittsburgh a Amurka tana da bene mai hawa 42 da suke kira Cathedral of Learning, azuzuwa ne da ofisoshi a ciki. Italiyawa kuma in gwamnati ta narka kuɗi ta gina ƙatuwar masana'anta a inda babu mai amfana sai su ce an gina cathedral a cikin hamada. A irin wannan wuri girma da kwarjini ake nufi, kuma ina jin daga nan ne ma mutane suka ɗauka ma'anar kenan tun asali. Mai fassara in ya ci karo da irin wannan ya nemi abin da zai ba Bahaushe hoton, ya ce fadar ƙwallo ko makamancin haka, kar ya sako coci cikin labarin wasanni.

Haka maganar ex cathedra da kan fito a labaran Batikan, ma'anarta daga kan kujera, wato Fafaroma ya yi magana da cikakken ikon muƙaminsa a kan aƙida, abin da babban taronsu na 1870 ya tsara ƙa'idarsa, kuma tun daga lokacin sau ɗaya aka yi amfani da shi a fili, a 1950 zamanin Pius na 12. Ba kowace hira da ya yi da 'yan jarida a cikin jirgi ce ta hau wannan matsayi ba. In Fafaroma ya rasu kuma suna kiran kwanakin da ke tsakani sede vacante, kujera ba kowa, kamar daga 21 ga Afrilu zuwa 8 ga Mayun 2025. Ko ta ina ka ɓullo wa mutanen nan dai kujerar ce a gabanka.

To me za mu ce da Hausa? Nan ne nake so mu yi shawara. Babban coci ba laifi ba ne gaba ɗaya, don babba a Hausa tana da fuska biyu, akwai babba na jiki akwai babba na matsayi. In muka ce babban birnin Turkiyya kowa ya san Ankara ake nufi duk da Istanbul ta ninka ta jama'a, haka Washinton da Niyok, saboda babban birni inda kujerar mulki take ne. In da mai karatu zai fahimci babban coci a irin wannan fuska da an huta. Matsalar ita ce babban birni ya riga ya zauna a kunne da ma'anarsa, babban coci kuwa bai zauna ba, duk wanda ya ji ƙaton gini yake hangowa, kuma in an zo labarin da ya haɗa cocin Bitrus da na Lateran wanne za ka kira babba? Masu Swahili sun tsira daga wannan don suna da kalma biyu, kubwa ta girman jiki da kuu ta matsayi, sai suka ce kanisa kuu kamar yadda suke ce wa babban birni mji mkuu. Larabawa ba su wahalar da kansu ba suka ara suka ce katidra'iyya, Turkawa suka ce katedral. Katafaren coci kam a jefar da shi gaba ɗaya don Allah, wannan kuskure ne tsagwaronsa, sai dai in da gaske girman ginin ake son bayyanawa.

Ni a nawa ɗan ganin hanya biyu ce. Ko dai mu ara mu Hausantar, mu rubuta katidiral kamar yadda muka karɓi coci da bishop da dayosis da Fafaroma ba wanda ya mutu, sai a karon farko cikin labari a ƙara 'yan kalmomi, a ce katidiral, wato cocin da kujerar bishop take, bayan wata shida masu karatu sun saba. Ko kuma mu yi tamu, mu ce cocin kujerar bishop, ko mazaunin bishop, ko uwar majami'un dayosis tunda muna cewa uwar jam'iyya da uwar ƙungiya kuma su kansu Kiristocin uwa suke ɗaukarsa ga sauran coci-cocin yankin, a can ake naɗa sababbin limamansu, a can bishop ke tara su duka a makon da ya gabaci Ista ya sa wa man shafewa albarka a rarraba. Na so in ce fadar bishop don ta fi kowacce daɗi a baki, sai na tuna abu biyu, na farko gidan da bishop ke kwana daban yake da cocin kuma shi ne ya fi kama da fada, na biyu 'yan Katolika suna kiran limaminsu Fada, to ranar da aka rubuta Fada ya tafi fada sai an nemi mai sharhi. Kuma ma harkar yau da gobe ta cocin galibi ba bishop ke gudanarwa ba, akwai limamin da aka ɗora wa wannan, shi bishop yawo yake cikin dayosis ɗinsa, kujerar ce ke zaune tana jiransa.

Abu na ƙarshe da zan roƙa shi ne a riƙa duba ɗarika kafin a rubuta. Katolika da Angilikan da Otodoks da Kibɗawan Masar da wasu daga cikin Lutheran da Methodist suna da bishop, don haka suna da irin wannan coci, Baptis da Firesbiteriyan kuwa tsarinsu babu bishop. Wasu sababbin coci-coci kuma suna sa kalmar cikin sunan hedikwatarsu don kansu, to wannan suna ne, a bar musu shi yadda suka raɗa kar a fassara, kamar yadda ba a fassara sunan mutum. Kuma ai kuna da abokan aiki da masu karatu Kiristoci Hausawa waɗanda da Hausa suke ibadarsu kullum, a tambaye su abin da suke faɗa a bakinsu kafin mu zauna mu ƙirƙiro musu, in suna da kalmar da ta riga ta zauna to ita za a bi a bar tawa.

Na gode da haƙurin karantawa, in an ga ya yi tsawo a datse amma don Allah a bar mini wurin Lateran da na Westminster.

Naku,
wani mai karatu na kullum